Lambobin shaidar kwamfuta: inda suke ɓoye da yadda ake ciro su daga BIOS

Idan kwamfutar tafi-da-gidanka ta ƙi tashi, fanka na juyawa amma fuskarta baƙi ƙirin, abin da masu gyara kan ce shi ne sai an yi mata filashin, wato a sake rubuta manhajar da ke tayar da ita, wadda aka fi sani da BIOS.

Sau da yawa aikin kan yi kyau. Kwamfuta ta tashi, mai ita ya biya ya kama gabansa. Sai bayan kwanaki ya tarar Windows na cewa ba ta da lasisi, ko ya duba lambar siriyal ya ga ta ɓace, ko ma ta koma ta wata na'ura da bai taɓa gani ba.

Dalili kuwa shi ne abubuwa iri biyu ne ke kwance wuri guda. Akwai manhajar kanta, wadda iri ɗaya ce a dukkan kwamfutocin da suka fito a zubi ɗaya, kuma kamfani kan raba sababbin zubinta kyauta a intanet. Akwai kuma bayanan shaida da aka rubuta wa wannan na'ura ita kaɗai tun a masana'anta. Waɗannan ba sa cikin abin da kamfani ke rabawa, kuma idan aka goge su ba tare da an ajiye kwafi ba, dawo da su kan yi wuya, wasu ma ba sa dawowa.

Ɗan guntu mai ƙafa takwas

Sunan BIOS ya samo asali ne daga manhajar CP/M ta Gary Kildall a 1975, ya kuma yaɗu bayan kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa a 1981. Kwamfutocin yanzu suna amfani da wani sabon tsari ne mai suna UEFI, wanda kamfanin Intel ya fara, daga baya aka kafa masa ƙungiyar haɗin gwiwar kamfanoni a 2005. Amma a bakin jama'a tsohon sunan ne ya zauna.

Manhajar dai ba ta cikin faifan da mutum ke ajiye takardunsa da hotunansa. Tana cikin wani ɗan baƙin guntu mai ƙafa takwas, wanda bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, manne a jikin babban allon na'urar da masu gyara ke kira bod. Kamfanoni irin su Winbond da Macronix da GigaDevice ne ke ƙera shi.

Rubutun da ke bayansa yana faɗin girmansa. W25Q64, alal misali, yana ɗaukar megabit 64, wato megabayit 8, shi kuwa W25Q128 megabayit 16. Wasu na'urori guntu biyu gare su. ThinkPad X230 ta shekarar 2012 tana da mai megabayit 8 da mai megabayit 4, kuma sai an haɗa abin da ke cikinsu sannan a samu cikakken kwafi mai megabayit 12.

Kwafin duk abin da ke cikin guntun, daga bayit na farko har na ƙarshe, shi ne masu gyara ke kira damf.

Waɗanne lambobi ne ake nema?

Ta farko ita ce lambar siriyal, wadda ake bugawa a ƙarƙashin kwamfuta. Da ita kamfani ke sanin ranar da aka ƙera na'urar da matsayin garantinta. Ta HP haruffa da lambobi 10 ce. Kamfanin Dell yana amfani da mai guda 7, kuma doguwar lambar da ke kusa da ita a sitika ita ce dai wannan ta farkon, an juya ta ne zuwa lambobi zalla domin sauƙin danna ta a wayar tarho.

Ta biyu ita ce UUID, mai tsawon bayit 16. Ba a cika buga ta a jiki ba, amma manhajoji masu lasisi da hukumomin da ke kula da ɗaruruwan kwamfutoci kan dogara da ita wajen bambanta na'ura da 'yar'uwarta.

Sai adireshin MAC na kafar waya ta intanet, mai bayit 6. Ukun farko suna nuna kamfanin da ya ƙera, kuma cibiyar IEEE ce ke raba su. Idan na'urori biyu suka zo da adireshi ɗaya a layin ofishi guda, to saƙonni za su riƙa ɓata hanya tsakaninsu. Adireshin Wi-Fi kuwa yana jikin katin Wi-Fi ɗin ne, filashin ba ya taɓa shi.

Akwai kuma makullin lasisin Windows. A zamanin Windows 7 ana buga shi a sitika. Tun daga Windows 8 a 2012 aka daina, aka koma rubuta wa kowace na'ura nata makulli mai haruffa da lambobi 25 a cikin BIOS. Wannan ne ya sa mutum zai iya goge kwamfutarsa ya sake saka Windows ba a tambaye shi komai ba. Shi ne kuma ya sa asararsa ta fi ta sauran zafi, domin babu wata takarda da za a duba.

Muddin kwamfuta na tashi, babu buƙatar kwance ta

A duk lokacin da aka kunna na'ura, BIOS kan tattara waɗannan bayanai ta jera su cikin wasu jadawali masu tsari ɗaya a duk duniya, da ake kira SMBIOS, ko kuma DMI a tsohon suna. Ƙungiyar DMTF ce ke kula da wannan ƙa'ida. Jadawali mai lamba 0 na BIOS ɗin ne, mai lamba 1 na ɗauke da sunan kamfani da samfuri da siriyal da UUID, mai lamba 2 na bod ne, mai lamba 3 kuma na gangar jiki.

A Windows, shirin msinfo32 yana nuna kamfani da samfuri, umurnin Get-CimInstance Win32_BIOS kuma yana fito da siriyal. A Linux ana amfani da dmidecode. Makullin Windows yana wani jadawalin daban mai suna MSDM.

Duk wanda ya rubuta waɗannan ya ajiye tun kwamfutarsa na lafiya, ya rage wa kansa da mai gyara wahala mai yawa. Aikin bai fi minti biyar ba.

Ɗaukar kwafi daga na'urar da ta mutu

Idan kuwa na'ura ba ta tashi, sai an karanta guntun kai tsaye. Mai gyara zai cire caja da batir, ya kama guntun da wani ɗan matsi mai haƙora takwas, ko ya narkar da dalma ya ɗauke shi daga bod, sannan ya haɗa shi da wata ƙaramar na'ura da ake sokawa a wata kwamfutar. Mafi araha kuma mafi yaɗuwa ita ce CH341A. Manhajar flashrom, wadda kyauta ce, tana aiki da ita.

A nan ne ake yawan yin ɓarna. Galibin guntayen suna aiki da bolt 3.3 ne, wasu sababbi kuma 1.8 kacal, kuma an san wasu zubin CH341A masu baƙin allo suna tura bolt 5 ta layukan saƙo. Guntu mai bolt 1.8 yana buƙatar abin rage wuta a tsakani.

Haka kuma matsin kan zame, ko sauran sassan bod su ja wutar, sai kwafin ya fito da kurakurai alhali manhaja ta ce an gama lafiya. Saboda haka ƙa'idar aikin ita ce a karanta sau biyu ko uku a kwatanta. Idan fayilolin ba su yi daidai bayit da bayit ba, babu wanda za a amince da shi. Girman fayil ma shaida ne. Guntu mai megabayit 8 dole ya ba da bayit 8,388,608 cif. Fayil ɗin da ya fito cike da FF daga sama har ƙasa kuwa, ko dai guntun babu komai a cikinsa, ko kuma ba a karanta shi ba sam.

Wannan kwafi na farko shi ne abu mafi daraja a duk aikin, ko da manhajar da ke cikinsa ta lalace. Lalacewar kan shafi wani sashe ne, bayanan shaida kuwa sau da yawa suna nan daram.

Yadda ake karanta kwafin

Ana buɗe fayil ɗin da shiri irin su HxD, wanda ke nuna kowane bayit da alamomi biyu. Ƙirgan nasa na goma sha shida ne, bayan 9 sai A, B, C, D, E, F, don haka bayit kan kama daga 00 zuwa FF. A gefen dama shirin kan nuna haruffan da lambobin ke wakilta, idan akwai.

Wanda ya fara gani zai ɗauka shirme ne zalla, amma akwai taswira. A na'urorin da ke amfani da Intel, kilobayit 4 na farko su ne ke bayyana yadda aka yanka guntun, kamar yadda takardar fili ke nuna iyakokin kowane fuloti. Ana gane wannan sashe da alamar 5A A5 F0 0F kusa da farkon fayil. Shi ke faɗin inda yankin BIOS ya fara da inda ya ƙare, da yankin ME, da kuma yankin GbE idan akwai shi. Shirin UEFITool yana karanta taswirar ya ware kowane yanki. Na'urorin AMD nasu tsarin daban ne.

Mafi sauƙin samu shi ne adireshin MAC. A kwamfutocin ofis da ke da kafar intanet ta Intel, irin su da yawa daga cikin ThinkPad da Latitude da EliteBook, bayit 6 na farkon yankin GbE su ne adireshin, a fili. Sai dai ba a sauya su haka kawai. Akwai lissafin tantancewa da ke haɗa bayit 128 na farko bibbiyu, kuma jimlar dole ta fito BABA. Ba raha ba ce, lamba ce a ƙirgan goma sha shida da injiniyoyin Intel suka zaɓa. Idan jimlar ta saɓa, kafar kan ƙi aiki.

Makullin Windows ma yana da alama. Tsawonsa 29 ne idan aka haɗa da layuka huɗu da ke raba rukunansa biyar, kuma 29 a ƙirgan goma sha shida ita ce 1D. A na'urori da yawa ana ajiye shi da wata shimfiɗa a gabansa: 01 da 00 guda bakwai, 01 da 00 guda bakwai kuma, sannan 1D da 00 guda uku. Idan aka nemi wannan jeri a fayil, abin da ke biye da shi shi ne makullin.

Siriyal kuwa, hanya mafi sauri ita ce a duba sitika a rubuta lambar a akwatin bincike. Idan ba a samu ba, ba lallai ne ta ɓace ba. UEFI kan ajiye wasu rubuce-rubuce da bayit biyu ga kowane harafi, sai a ga 00 tsakanin harafi da harafi, kuma binciken da ba a saita shi haka ba zai wuce ta kai bai gani ba. Wani lokaci kuma lambar kan bayyana a wurare biyu ko uku, wasu tsofaffin rubutu ne da aka daina amfani da su amma ba a share ba.

UUID ta fi ruɗarwa. Tun daga zubi na 2.6 na ƙa'idar SMBIOS a 2008, rukunai uku na farkonta a juye ake ajiye su. Lambar da Windows ke nunawa ta fara da 12345678 za a same ta a rubuce 78 56 34 12. Rukunai biyu na ƙarshe kuwa a miƙe suke. Wanda bai san wannan ba zai rantse lambar ba ta cikin fayil, ko kuma ya kwafe ta a birkice. UUID da ta fito F zalla ko sifili zalla alama ce ta cewa ba a rubuta wa na'urar komai ba.

Wani kuskure da masu koyo kan yi shi ne neman jadawalin SMBIOS ɗungurungum a cikin kwafi. Ba ya nan a haɗe, domin sai na'ura ta tashi ake gina shi. Abin da za a tarar a sashen manhaja, wanda galibi a matse yake, shi ne gurbi da kalmomin cike-gurbi irin su Default string. Ainihin lambobin suna wani lungu da kowane kamfani ya zaɓa wa kansa.

Kowane kamfani da nasa salo

A kwamfutocin Apple masu Intel na kafin guntun tsaro na T2, siriyal tana wani sashe mai suna Fsys, bayan haruffan ssn, tare da lissafin tantancewa a ƙarshen sashen. Daga 2018, da T2 ya shiga MacBook, tsarin ya sauya baki ɗaya.

Da yawa daga kwamfutocin Lenovo na gida suna ajiye bayanan a sassa masu alamar LENV, kuma a sababbin zubi an cakuɗa rubutun ta yadda ido ba zai karanta ba sai an warware. Tsofaffin ThinkPad kuwa wani guntu daban suke da shi domin wannan. Idan bayanan suka ɓace, ThinkPad kan nuna kuskure mai lamba 2200 na siriyal da samfuri, ko 2201 na UUID.

HP, ban da siriyal da lambar samfuri, tana da wani dogon jerin haruffa da ke bayyana kayan da aka haɗa wa na'urar, kuma idan babu su takan yi gargaɗi a duk tashi cewa bayanan samfurin ba su inganta ba.

Akwai kuma na'urorin da ke ɓoye wani ɓangare na bayanan a cikin guntun da ke kula da madannai da caji da fanka, wanda ake kira EC. A irin waɗannan, duk binciken da za a yi a kwafin BIOS ba zai fito da su ba.

Mayar da su mazauninsu

Gyara na gaskiya shi ne a samo manhaja mai lafiya ta wannan samfurin, a ɗauko yankin shaida daga tsohon kwafi a ɗora shi daidai inda yake a da, ba ƙari ba ragi. Ko bayit ɗaya ya ƙaru, duk abin da ke bayansa ya goce.

Gajeriyar hanya, wadda ita ce ke jawo matsalar da aka fara ambata, ita ce a sauko da kwafin wata kwamfuta daga intanet a rubuta shi yadda yake. Na'ura za ta iya tashi, amma da sunan wata. Kuma tun da kwafi ɗaya kan yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, kwamfutoci da dama kan wayi gari da siriyal ɗaya da adireshin MAC ɗaya da makullin Windows ɗaya.

Yankin ME ma na da nasa rigima. ME wata ƙaramar kwamfuta ce a cikin kayan Intel, kuma da zarar ta fara aiki a wani bod takan rubuta bayanan da suka shafe shi. Idan aka kai su wani bod, na'ura kan yi jinkirin nuna hoto, ko fanka ta yi ta gudu ba dalili. A zubi da yawa, idan yankin ya lalace, kwamfuta kan kashe kanta bayan minti 30 daidai. Shi ya sa ƙwararru kan maye shi da sabo kafin su rubuta.

Wanda faifansa ke kulle da BitLocker ya kamata ya nemo makullin ceto mai lambobi 48 kafin ya miƙa na'urarsa, domin sauyin BIOS kan sa a tambaye shi, kuma mai gyara ba shi da hanyar samar masa.

Sirri, sata da kayan tokumbo

Kwafin BIOS ba fayil ne da ya kamata a saka a bainar jama'a ba. Ban da makullin Windows da wani zai iya ɗauka, a kwamfutocin Mac yana iya ƙunsar sunayen layukan Wi-Fi da aka taɓa shiga da bayanan asusun mai na'urar. Mai gyaran da ya tura kwafin abokin cinikinsa domin neman taimako ba tare da ya share waɗannan ba, ya bayar da abin da ba nasa ba.

Damuwa kan irin waɗannan lambobi ba sabuwa ba ce. A 1999 Intel ya saka lambar shaida a cikin Pentium III, masu kare sirrin jama'a suka yi ca, kamfanin ya daina a zubin da suka biyo baya.

Ilimin da ake mayar wa na'ura sunanta da shi, da shi ne kuma ɓarawo ke sauya mata suna. Lamarin ya yi kama da na lambar IMEI ta wayar salula, wadda Birtaniya ta haramta sauya ta ba da izinin kamfani ba tun 2002. Bambancin mayar da lambar da ke kan sitika da rasit, da kuma rubuta wata daban, a fili yake.

Batun ya shafi masu saye a kasuwanni irin su Computer Village a Ikeja, da titin Beirut a Kano, da Banex a Abuja, inda ake sayar da kwamfutoci na hannu da aka yi amfani da su a ofisoshin Turai da Amurka. Tun 2017 Microsoft ke da tsarin Autopilot, wanda ke ba ma'aikata damar yi wa na'urorinta rajista da bayanan shaidarsu. Idan aka sayar da na'ura ba a cire ta daga rajista ba, ranar da sabon mai ita ya sake saka Windows ya haɗa da intanet, sai ta nemi ya shiga da asusun tsohuwar ma'aikatar. Apple na da irin wannan tsari da ke dogara da siriyal. Goge faifai ba ya magance shi, domin rajistar na can wurin kamfani, kuma ma'aikatar da ta yi ta ce ke da ikon soke ta. Haka nan na'ura mai tsabta da aka rubuta mata shaidar wata tana iya gadon wannan ƙulli.

Mai saye na iya gwada abu ɗaya tun yana shago. Ya duba siriyal da ke jikin na'urar, ya kunna ta ya shiga BIOS, da F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad, ya ga ko lambar ta yi daidai. Sannan ya saka ta a shafin garanti na kamfanin ya ga ko samfurin da aka nuna shi ne a hannunsa. Saɓani ba kullum yake nufin sata ba, domin sauya bod ko murfin ƙasa ma kan jawo shi, amma dalili ne na tambayar mai shago da neman ya rubuta lambar da BIOS ta nuna a kan rasit.

Wanda kuma zai kai gyara, yana da damar cewa a ɗauki kwafi kafin a rubuta komai, a zuba masa a filashi ya tafi da shi. Fayil ne mai megabayit 8 ko 16 ko 32, bai kai girman ɗan gajeren bidiyon waya ba.